Daga Murhu Zuwa Tukunyar Gas: Tarihin Wutar Girki a Tudun Wadar Gusau

Tudun Wada tana cikin unguwannin da suka tashi a wajen tsohon garin Gusau, wanda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a farkon ƙarni na 19 a bakin gulbin Sakkwato, kuma cikarta da jama'a ta biyo bayan isowar jirgin ƙasa daga Zariya a shekarar 1927, lokacin da garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa. A tsarin da Turawan mulkin mallaka suka bi a manyan garuruwan Arewa, Sabon Gari ne masaukin mutanen Kudu, Tudun Wada kuwa ta baƙi 'yan Arewa ce, wato fatake da leburori da masu sana'a da ƙananan ma'aikata waɗanda ba su da gidan gado a cikin gari. Unguwa irin wannan, mai yawan gidajen haya da shigowar baƙi, ita ke fara karɓar kowane sabon abu na zaman gida, don haka tarihin wutar girkinta ya isa ya nuna yadda itace da kananzir da iskar gas suka gaji juna cikin ƙasa da shekara ɗari. Kowace daga cikin waɗannan wutace tana da nata ilimin kiyayewa, sai dai gas, wanda shi ne na baya-bayan nan, ya riga iliminsa shiga gidaje.

Murhu, wato duwatsu uku ko curin yumɓu uku da ake girka tukunya a kansu, shi ne asalin madafar Bahaushe, kuma mazauninsa tsakar gida ne ko wata 'yar rumfa da iska ke ratsawa, nesa da ɗakin kwana da rumbu. Makamashinsa karan dawa da na gero ne bayan kaka, sai kirare da itacen marke da ƙirya da kalgo da sabara, waɗanda ake kawowa Gusau a kan jakuna, daga baya kuma a motoci, daga ƙauyukan da ke kan hanyar Tsafe da ta Bungudu. Yarinya a gindin wannan murhu take tashi, tana iza wuta tun kafin a yarda ta riƙe muciya, saboda haka kafin a kai ta ɗakin miji ta san itacen da ke tartsatsi da wanda ke ci a hankali, ta san lokacin janye itace don kada tuwo ya kama, ta kuma san duba inda iska ke kaɗawa kafin ta zauna. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, amma cikakke ne, domin wutar itace ba ta ɓoye kanta: tana da hayaƙi da haske da ƙara da zafi, kuma duk wanda ke gidan, har da maƙwabcin da ke bayan katanga, ya san an hura ta.

Kafin ashana ta wadata, wuta abar tattali ce, ana binne garwashi a cikin toka da dare a tone shi da asuba, gidan da tasa ta mutu kuma sai ya aiki yaro ya ɗebo a maƙwabta cikin tsingaro. Haɗarin wancan zamani na hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iska ke kaɗawa, jinka da zana da dannin kara sun bushe ƙayau, mutane kuma suna shigar da kaskon wuta ɗaki don jin ɗumi. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gidaje da dama, kuma maganin gobarar na gayya ne: a yi kururuwa, mata su fito da tuluna, maza su watsa ƙasa su ture danni don a datse wa wutar hanya. Malamai ma sun sa baki a wannan tarbiyya, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya hana barin wuta a gida lokacin barci, kuma a kansa ne aka gina al'adar cewa uwargida ba ta kwanciya sai ta leƙa murhu. Ginin soro da rufin kwano sun rage irin wannan gobara ƙwarai, amma ba su taɓa ɗaya cutar murhu ba, wato hayaƙin da mai girki da goyonta ke shaƙa kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar cewa barin itace ci gaba ne, ko da kuwa abin da ya gaje shi yana da nasa sharrin.

Kananzir ya fara shiga gidaje ne a matsayin man fitila, sannan risho mai lagwani ya biyo baya, ya kuma dace da zaman haya, inda iyali ke da ɗaki ɗaya ko ciki da falo, tsakar gida kuma ta kowa da kowa ce. Muhimmancin risho a wannan tarihi shi ne a kansa wutar girki ta fara barin fili ta koma baranda da ƙuryar ɗaki, kusa da labule da katifa. Dokarsa babba guda ce, wato kada a ƙara masa mai yana ci, kuma mata sun riƙe ta. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne gurɓataccen kananzir da aka gauraya da fetur, domin tururin fetur yana kamawa ko da sanyi, sai fitila ko risho su yi bindiga a hannun mai kunnawa. Ƙarancin kananzir na shekarun 1990 ya haifar da murhun ƙarfe da aka laƙaba wa sunan Abacha, mai cin garin katako ko gawayi, sannan a watan Janairun 2016 gwamnatin tarayya ta janye tallafin kananzir, daga nan farashinsa ya yi ta hawa har ya fi ƙarfin talakan da aka ce dominsa ake tallafin.

Gas ɗin girki haɗin iska biyu ne, furofen da biyuten, waɗanda ake samu wajen tace ɗanyen mai da sarrafa iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa, ana kuma matse su har su zama ruwa don su shiga tukunyar ƙarfe. Wani masanin sinadarai na Amurka, Walter Snelling, shi ya tantance furofen a shekarar 1910, kuma a Najeriya matatun mai na Fatakwal da Warri da Kaduna, waɗanda aka buɗe a 1965 da 1978 da 1980, su ne suka fara samar da shi a cikin gida. A wancan lokaci girki da gas na manyan ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu hali, da matatun suka durƙushe kuma sai ya yi wuya, tukwane da yawa suka koma ajiya suna tsatsa. Al'amarin ya juya ne a 2007, lokacin da kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny ya fara keɓe wani kaso na gas ɗinsa don kasuwar cikin gida, ana kai shi Legas ta jirgin ruwa, tankoki kuma su yi doguwar tafiya da shi zuwa Arewa. Zuwa 2020 abin da ƙasar ke sha a shekara ya haura tan miliyan ɗaya.

A Gusau abubuwa da dama ne suka haɗu suka buɗe wa gas ƙofa. Ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoban 1996 ya mai da garin hedikwata, ya tara ma'aikata masu fita da sassafe waɗanda ba su da lokacin hura itace. Rashin tsaron da ya addabi dazuzzukan jihar tun wajen 2011 ya sa shiga daji yin itace ya zama sai da rai, ya kuma koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, gidajen haya suka ƙara cunkushewa. Amma babbar ƙofar ita ce kayan ɗakin amarya, domin tun da kicin ya zama wurin da dangin ango ke leƙawa ranar jere, rishon gas da tukunyarsa suka shiga cikin abin da iyaye ke ganin wajibi ne su saya wa 'yarsu. A nan ne giɓin ya bayyana, saboda uwar da ta sayi kayan sau da yawa ba ta taɓa girki da su ba, don haka amarya takan tare da wutar da babu wata babba a danginta da ta koya mata halinta.

Halin nata kuwa ya saɓa wa na itace ta kowace fuska. Gas ya fi iskar da ake shaƙa nauyi, furofen da kusan rabi, biyuten kuma ninki biyu, saboda haka idan ya tsiyaya ba ya tashi sama ya fice ta taga, sai ya kwanta a ƙasa kamar ruwan da ya malala, ya bi ƙarƙashin ƙofa ya taru a kwari da lungu. Ruwan gas lita ɗaya yana zama tururi lita 250 ko fiye, kuma da zarar tururin ya kai tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyastawa ɗaya ta isa ta tayar da ɗakin gaba ɗaya. A asalinsa ba shi da launi ko wari, warin da aka san shi da shi na wani sinadari ne mai suna etil makaftan da ake zuba masa da gangan, dabarar da ta zama doka a wurare da yawa bayan fashewar da ta kashe kusan mutum 300 a wata makaranta a garin New London na jihar Texas a 1937. Hanci ke nan shi ne mai gadin gidan da ke girki da gas, alhali tarbiyyar murhu ido ta horar.

Daga wannan saɓani ne yawancin haɗurran gida ke fitowa. Wanda ya saba da fitila da risho, idan ya ji wari cikin duhu, hannunsa ashana yake nema ko makunnin lantarki, kuma waɗannan biyun su ne abin da bai kamata a taɓa ba, domin makunni da soket da tayar da janareta duk suna fitar da ɗan tartsatsin da ya isa. Abin yi shi ne a rufe kan tukunyar gas, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da mutane, a jira warin ya baje, sannan a nemi inda yake yoyo da ruwan sabulu, wanda ake shafawa a bakin tukunya da mahaɗar tiyo, duk inda kumfa ya tashi nan ne ɓarakar. Haka kuma mai murhu ta saba jera itace sannan ta kawo wuta, amma a rishon gas da ba ya kunna kansa ashana ake fara ƙyastawa kafin a murɗa makunni, in ba haka ba iskar da ta taru a ƙarƙashin tukunya sai ta yi tsalle ta lashi fuska. Wutar itace idan ta mutu ta mutu ke nan, ta gas kuwa idan miya ta tafaso ta kashe ta, ko iskar hunturu ta hure ta, gas ɗin yana ci gaba da fita shiru, shi ya sa barin girki a tafi hira ko sallar dare ya fi haɗari a kansa. Launin harshen wutar ma magana yake yi: shuɗi alamar tana ci daidai, ja ko rawaya mai baƙanta gindin tukunya kuma alamar kan rishon ya toshe, yana iya fitar da iskar kabon monoksaid, guba marar wari mai kisa a rufaffen ɗaki.

Tukunyar gas da ta fi yawa a gidajen haya ita ce ƙarama mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗaura kan rishon a bisa wuyanta kai tsaye, kuma ba a ƙera ta don abincin Hausa ba. Tuƙin tuwo aiki ne na ƙarfi, mace tana danne tukunya da tsumma a hannu ɗaya, tana juya muciya da ɗayan, a murhu duwatsu uku ne ke riƙe da nauyin a daf da ƙasa, a nan kuwa tukunyar tuwon tana tsaye a kan ƙarfe siriri mai tsayin gwiwa, kowane juyi yana girgiza mahaɗar da 'yar roba guda ce kawai ke toshe ta. Idan robar ta cinye sai wuta ta kama a wuyan tukunyar gas ɗin, idan kuma abin ya goce sai talge ya kife a cinya ko a kan yaron da ke rarrafe a gefe. Tufafi ma sun sauya, zanen auduga na da ba ya narkewa, hijabi da mayafin roba na yanzu kuwa suna narkewa su manne a fata, kuma dogon hijabi ne ke fara isa ga wuta idan mace ta sunkuya. Masu tuyar ƙosai da awara da suka koma gas suna da ƙarin haɗarin mai, wanda in ya kama ba a zuba masa ruwa, domin ruwan yana nutsewa ya tafasa nan take ya watsa man mai ci, sai dai a kashe gas ɗin a kife kaskon da murfi ko faranti.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi ƙarfin mai girki komai kiyayewarta, wato lafiyar tukunyar kanta da yadda ake ɗura ta. A ƙa'idar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, tukunyar gas shekara 15 take yi, ana kuma sake gwada ta duk bayan shekara biyar, kuma shekarar ƙirarta tana buge a jikin mariƙinta. Amma tunda a Najeriya mai gida ne ke mallakar tukunyarsa, ba kamfanin da ke sayar da gas ba, babu wanda gwajin ya rataya a wuyansa, sai tsofaffin tukwane da na gwanjo da aka sake wa fenti suka cika kasuwa. A 2019 gwamnatin tarayya ta bayyana niyyar mayar da mallakar tukwane hannun dillalai, ta yadda mai saye zai kai fanko ya karɓi cikakkiya da aka duba, sai dai har yanzu abin da aka saba gani a unguwanni shi ne ɗan shago a tsakiyar gidaje, ana juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a kan sikeli. Ƙa'ida ita ce kada cikon ya wuce kimanin kashi 80 cikin 100, don ruwan gas yana kumbura da zafi, kuma a garin da zafin Maris da Afrilu ke kai digiri 40, tukunyar da aka cika maƙil aka ajiye a rana abar tsoro ce. Fashewar da ta auku a wani shagon gas a Sabon Tasha ta Kaduna ranar 4 ga Janairun 2020, wadda ta ci rayuka har da na Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, ta nuna cewa wanda ke kusa da irin wannan shago yana cikin haɗari ko da bai zo sayen komai ba. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ɗora sa ido kan wannan kasuwa a kan hukumar NMDPRA, kuma adalci ne a ce nauyin tukunyar da ta ruɓe yana kan hukuma da dillali kafin ya kai ga matar da ta kunna ta. Motar 'yan kwana-kwana ma, ko ta zo da wuri, ba kowane lungu na tsohuwar unguwa take iya shiga ba.

A wajen jinyar ƙuna al'ada ba ta motsa daga inda take ba tun zamanin murhu. Har yau abin da ake rugawa a ɗauko shi ne ɗanyen ƙwai ko gishiri ko manja, sai man goge baki da baƙin mai da zamani ya ƙara, alhali dukkansu suna riƙe zafi a cikin tsoka ko su shigar da ƙwayoyin cuta, su kuma wahalar da likitan da zai wanke ciwon. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ruwan famfo ko na randa, ban da ƙanƙara, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fasa bororo, kada a ɓamɓare tufar da ta manne, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Wanda tufarsa ta kama kuma gudu ne ke ƙara masa wutar, kwanciya da birgima ko lulluɓa masa bargo ke kashe ta. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska da hannu da al'aura, ko kowace ƙuna mai zurfi a jikin ƙaramin yaro, ta asibiti ce, kuma Gusau tana da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda jinkirin zuwa asibiti ke mai da ƙaramin ciwo babba.

Bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kilon gas ya haura naira dubu, gidaje da yawa suka koma gawayi ba tare da sun rabu da tukunyarsu ba. Madafar yau a Tudun Wada takan haɗa duka: gas don shayin safe da ɗumame, kurfoti don wake da tuwo, murhu kuma ranar suna ko biki, kuma wannan gauraye sabon haɗari ne, domin garwashin da ke ci a ƙasa yana daidai inda gas mai yoyo ke kwanciya. Wurin da ya fi dacewa da tukunyar gas shi ne inuwa mai iska a tsakar gida, a tsaye, nesa da garwashi da janareta, da tiyon da ake sauyawa da zarar ya fara tsagewa. Sai dai tukunya kadara ce mai tsada da ɓarayi ke ɗauka, don haka a gidan haya mai ƙofa ɗaya da masu shiga da fita da yawa, mutane da dama da ita suke kwana a cikin ɗaki, a rufe ƙofa da taga saboda sanyi ko sauro. Maƙeran da ke yi wa irin waɗannan gidaje ɗan keji na ƙarfe mai kwaɗo a jikin bango ta waje suna magance satar da yoyon a lokaci guda.